Rabon Mage

Ludayin ya sake zagaya saman tukunyar a hankali, kamar yana tsoron ya tashi mai barci. Idanun maiƙo suna yawo a kan romon, ƙanana-ƙanana, masu ruwan zinariya, duk inda ludayin ya dosa sai su watse su gudu gefe. Ta san halinsu. Ta jira har suka taru a bakin tukunya, ta yaɗe su, ta juye a cikin tsohon gwangwanin madara da ke gefen murhu. Da hagu take yi yanzu, domin hannun dama yana cikin ɗaurin asibiti tun daga tafi har kusa da gwiwar hannu, an rataye shi a wuyanta da tsohon ɗankwali. Hagun bai iya ba, rabin man komawa yake yi. Ba ta yi tsaki ba. Ta sake zagayawa.

Da ta gama da romo sai ta koma kan kifi. Ta tsamo shi a faranti, ta sa bakin cokali ta ɗaye fatar, ta kankare wannan baƙi-baƙin naman mai taushi da ke kwance a ƙarƙashinta, ta yanke gefen ciki inda maiƙo ya fi taruwa. Duk ta tara a murfin wani kwano da ya daɗe da rabuwa da kwanonsa, ta sunkuya da ƙyar ta ajiye a ƙasa. Magen tana nan tun ɗazu, ta naɗe wutsiya a kan ƙafafunta, kamar baƙuwar da ta san ba za a manta da ita ba. Gashinta baƙi ne, yana sheƙi kamar an shafa mata mai. An kuwa shafa mata, ta ciki.

"Bismillah, ranki ya daɗe," in ji matar. "Ke dai kin dace."

Abin da ya rage a farantin, farin nama busasshe mai kama da auduga, shi ne nata.

Kuku muke ce mata a benen nan, babba da yaro. Har 'ya'yan cikinta, in suna son tsokanarta, haka suke kiranta. Da guminta ta samu sunan. Tana da ƙuruciyarta ta shiga kicin ɗin wata masaƙa, inda ake dafa wa ma'aikata abincin rana, ba ta fito ba sai da furfura ta cinye mata kai. Kicin ɗin a ƙarƙashin gini yake. Ba shi da taga ko ɗaya, sai wata ƙatuwar fanka a bango da ke jan tururi tana gurnani tun safe har yamma, da dogayen fitilu farare masu sa fuskar kowa ta yi kama da ta mai jinya. Takan shiga kafin rana ta fito, ta fito rana ta yi ja tana haramar faɗuwa. Ta taɓa cewa ita da rana gaisuwar surukai suke yi, daga nesa, kowa kansa a ƙasa.

A wancan zamanin doguwa ce, mai faɗin kafaɗa. Tukunyar da maza biyu suke kamawa suna nishi, ita takan ce su matsa, ta rungume ta da tsumma ta sauke. Albasa ta daina sa ta hawaye tun da wuri. Daga ƙamshi kawai take sanin gishiri ya ji, kuma ma'aikatan masaƙa sukan gane ranar da ba ta zo ba tun daga lomar farko. Hannunta kuwa a lokacin a sake yake da mai. Miyarta takan yi ƙyalli, ta bar wa mutum leɓe yana walƙiya har ya koma bakin injinsa.

Mijinta direban bas ne, mai tumbi da dariya, irin mutanen da ake jin isowarsu tun daga ƙasan matakala. Direba kowa yake ce masa. Abu ɗaya ya fi so a duniya bayan iyalinsa, wataƙila ma kafaɗa da kafaɗa da su: fatar kifi. Yakan bar ta sai ƙarshe, ya naɗe ta da yatsa, ya rufe ido kafin ya kai baki. Wata rana yana tsakiyar titi, mota cike da mutane, ƙirjinsa ya ɗaure. Ya samu ya gangara gefe, ya ja birki, ya kifa kai a kan sitiyari. Allah ya yi da sauran kwana, ya tashi. Amma likitan da ya duba shi ya tare Kuku a bakin ɗakin marasa lafiya ya ce mata, in tana son ta ci gaba da ganin mijinta, to ta rage masa mai da kitse.

Ragewa aka ce. Sai dai Kuku ba ta san rabin abu ba. Matar da in ta wanke tukunya sai ta ga fuskarta a gindinta, ba ita za a ce wa ta rage abu ta bar saura ba. Nan da nan ta kori mai daga gidanta kamar an kama shi da sata. Kitse ya tafi, man shanu ya bi shi, suya ta ƙare. Da ta tsaya nan, da babu mai cewa komai. Amma ta bi ƙwai ta cire masa gwaiduwa, ta hana gyada shigowa, ta daina sayen madara don ta ga tana yin maiƙo a saman shayi. Kifi ma ba ta yarda da shi ba sai ta tuɓe shi. Kuma da yake ba za ta iya cin abin da ta hana mijinta ba, sai ta shiga dokar tare da shi. "Ba zan ci a gabanka ba," ta ce masa, "ba kuma zan ci a bayan idonka ba." A kicin ɗin masaƙa, inda mai ke zuwa jarka-jarka, ta ci gaba da zuba wa ma'aikata nasu, ita kuwa ta koma ɗanɗana miya da ƙarshen harshe ta tofar.

Direba bai yi faɗa ba, shi ba mafaɗaci ba ne. Roƙo ya koma yi, cikin wasa.

"Shugabar kicin, Allah ya ja zamaninki. A taimaka wa talaka da 'yar fatar nan."

"Talaka ya ci abin da aka ba shi."

"To ko ƙamshin a bar ni in shaƙa."

"Shaƙi abinka. Likita bai ce komai a kan hanci ba."

Sai ya dubi magen da suke da ita a lokacin, kakar wannan ta yanzu, tana lashe baki a gindin murhu, ya girgiza kai. "Da ana canjin aiki a gidan nan, wallahi da na nemi na mage."

Ya yi shekaru a haka. Tumbin ya sauka, dariyar ta rage kauri amma ba ta ƙare ba. Sannan wata safiya, a kan kujerarsa ta bakin taga, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, ya tafi.

Mun zaci dokar za ta bi shi. Ba ta bi shi ba. Wasu matan hular miji suke ajiyewa, wasu agogonsa. Ita ludayin ta riƙe. 'Ya'ya suka yi aure suka watse, masaƙa ta sallame ta, ta zauna ita kaɗai a ɗakin nan na saman bene, da mage, da kujerar da ba ta taɓa zama a kai ba tun rasuwarsa, sai dai ta share mata ƙura kowace safiya. Mai kifi a kasuwa in ta hango ta takan ɗaga murya: "Ga 'yar aiken mage ta iso! Yau me uwar ɗakin taki take marmari?" Kuku ta yi murmushin gajiya, ta zaɓi kifinta.

A hankali ɗakin ya fara yi mata tsawo. Kantar kwanuka da Direba ya kafa mata daidai kafaɗa ta koma sai ta yi ɗage. Madubin da ya rataya daidai fuskarta ya koma nuna mata goshi da ɗaurin ɗankwali. Zanen da take ɗaurawa ya fara jan ƙasa. Bayanta ya ɗan rankwafa, kamar mai neman allurar da ta faɗi, kuma akwai wani ciwo a tsakiyarsa da ke tashi tare da ita, ya kwanta tare da ita. Ta ce tsufa ne. Mu ma muka ce tsufa ne. Babu wanda ya kawo ƙashi a ransa, domin shi ba ya ƙorafi, shiru yake yi har ranar da zai ba da kai.

Ba faɗuwa ta yi ba. Ta idar da sallar la'asar, ta dafa ƙasa za ta miƙe kamar yadda ta saba, sai ta ji ƙas, 'yar ƙara kaɗan, kamar an taka busasshen kara. Ta zauna tana kallon wuyan hannun yana kumbura, mamakinta ya fi zafin yawa.

Auta ce ta kai ta asibiti. Ita ce ƙaramar 'yarta, malamar makaranta, ita kaɗai ta rage a garin, mace mai saurin tafiya da saurin magana, wadda kullum akwai garin alli a hannun rigarta. Bayan an ɗaure hannun, aka sa Kuku ta kwanta a ƙarƙashin wata na'ura da ke auna ƙarfin ƙashi. Likitar da ta duba sakamakon yarinya ce a idon Kuku, ba ta ma kai Auta ba, da tabarau da murya mai sanyi.

"Mama, kin san katakon da gara ta ci? Daga waje lafiya lau, in an danna sai yatsa ya shige. Haka ƙashinki ya zama, musamman a baya da ƙugu. Ya zaizaye ta ciki."

"Gara kuma? A jikina?"

"Misali ne, Mama. Ƙashi ba dutse ba ne, yana da rai. Kullum jiki yana rushe tsohon yana gina sabo. In mace ta manyanta ta daina al'ada, mai rushewa yakan fi mai gini sauri. In kuma kayan ginin ba sa isowa, sai abin ya haɗu ya yi yawa. Me kike ci?"

"Abinci."

"Ruwan zafi da haƙuri," in ji Auta. "Likita, tambaye ta rabonta da mai. Tambaye ta wa yake cin fatar kifi a gidanta."

"Ke, rufe mini baki. Ba ke aka tambaya ba."

Auta ba ta rufe ba. Ta zayyana komai, tun daga gwaiduwa har gwangwani. Likita ta cire tabarau ta murza ido.

"Mama, mai ba iri ɗaya ba ne. Akwai kitsen da in ya yi yawa yake cuta, wanda ya gaya muku haka bai yi ƙarya ba. Amma akwai man da jiki yake bukata, wani ma ba ya iya haɗa shi da kansa sai an ci, kamar na jikin kifi, da na gyada da riɗi. Na kifin nan ana ganin alamun yana taimakon ƙashi, ko da yake masu bincike ba su gama magana a kansa ba. Abin da ba mu da shakka a kai shi ne, ƙashi yana son kalsiyam, irin wanda ke cikin madara. Kalsiyam ba ya shiga jiki sosai sai da bitamin D. Shi kuma bitamin D daga hasken rana ake samunsa, sai kifi mai maiƙo da gwaiduwa, kuma ya fi shiga jiki in ya samu ɗan mai ya rako shi. Ke kuwa kin rufe ƙofofin gaba ɗaya. Ban ce wannan kaɗai ya jawo ba, akwai shekaru, akwai gado. Amma wannan shi ne a hannunmu."

Kuku ta dubi yatsunta da suka leƙo daga ɗauri. Can ta ce, "Shi wannan man na kifi. Mai ciwon zuciya fa?"

"Ai su ma mukan ce su riƙa cin kifi," in ji likita cikin fara'a, ba ta san inda maganar za ta sauka ba. "In dai ba a cikin mai aka soya shi ba. Har fatar ba laifi."

Auta ta runtse ido. Kuku ta gyara ɗankwalin da ke riƙe da hannunta, ta yi godiya. Sauran bayanin, cewa karaya ta gaba tana iya zama a ƙugu, cewa tsohuwar da ta karye a ƙugu ba kullum take sake miƙewa ba, cewa matakala abin tsoro ce, duk Auta ce ta ji shi.

"Inna, ki saurare ni da kyau," in ji Auta a mota, idonta a kan titi. "Ni ba zan iya tsayawa a gaban aji ina tunanin kina kwance a ƙasan matakala ba. Akwai ɗaki a gidana, a ƙasa, ba hawa ba sauka. In kwashe kekunan yara in sa miki gado. A can ni zan dafa, ke ki ci."

"Ɗakin nan da ba shi da taga?"

"Da taga. Ƙarama."

"Na yi zaman ɗakin da ba taga. Ya ishe ni har lahira."

"To ki zaɓa. Ko ki ci abin da aka ce ki ci, ki zauna a ɗakinki da magenki, ko ranar Asabar in zo da kwalaye. In na tarar kina nan kina yi wa gwangwanin nan hidima, shi ke nan, magana ta ƙare."

"In na ɓoye shi kafin ki zo fa?"

"Ba za ki ɓoye ba. Ke ba ki iya ƙarya ba, Inna. Da kin iya, ai da kin riƙa ci a bayan idon Baba, da ba mu zo nan ba."

Kuku ta sha magungunan da likita ta rubuta mata, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Ta yarda da madara, tana sha tana yamutsa fuska. Da hantsi takan fito baranda ta miƙa ƙafafu a rana, ita da surukar tata suna kallon juna a karon farko. Amma da zarar ta tsaya a gaban tukunya, hannunta da kansa yake tafiya wurin ludayi.

A kan haka Auta ta same ta ranar Alhamis da yamma, mage tana cin fata a murfin kwano, ita tana tsakurar farin nama. Auta ta tsaya a bakin ƙofa tana haki, jaka a kafaɗa, leda a hannu. Ta leƙa gwangwani. Ba ta ɗaga murya ba, gajiya ta hana ta. Ta zauna a bakin gado ta cire takalmi.

"Sannu da zuwa," in ji Kuku. "Kin ci abinci?"

"Inna, so kike ki kashe ni?"

"Allah ya sawwaƙe. Ga romo nan da zafinsa."

"Romon da aka yi wa aski? Na gode." Ta nuna magen da baki. "Dubi wannan. Ta yi wuya, ta yi ƙeya, ko daga saman bene ta faɗo ba abin da zai same ta. Ke kuma sallaya ta karya ki. Magani kin sha, madara kin sha. Mene ne a cikin fatar kifi? Guba ce?"

Kuku ta daɗe tana goge bakin murhun da ba shi da datti.

"Ana gobe zai rasu," ta ce, ba ta juyo ba, "na dafa kifi. Ya ce in ba shi fatar. Ranar ba da wasa ya faɗa ba. Babu shugabar kicin, babu talaka. Sunana ya kira. Ya ce, yau kaɗai. Na ce masa a'a. Yana kallo na ba kakar wannan." Ta ninke tsumman a kan gwiwarta. "Duk shekarun nan, in na tuna fuskarsa, sai in ce ai don ya rayu na yi. Yanzu wata yarinya mai tabarau ta ce da na ba shi ma babu komai. To in na sa abin nan a bakina, don me na hana shi? Me zan ce masa?"

Auta ta sauke jakar ƙasa.

"Inna, abin da aka gaya miki kika yi. Kin ƙara gishiri, shi ke nan, halinki ne. Kitsen da kika raba shi da shi, wa ya sani ko shi ya ba mu shekarun da muka ƙara tare? Kwanansa ne ya ƙare. Kuma Baban da kika sani, in ya ga kina rankwafawa a kan fatar kifi, me kike ganin zai ce?"

"Zai ce a miƙo masa in ba na so."

Suka yi dariya, gajeriya, wadda ba ta kai ciki ba. Auta ta share ido da hannun riga, alli ya shafa mata a kunci.

"Ga kifi nan a leda, ki sa a firij. Mai kifi ta ce in gaishe da mage." Ta mayar da takalminta. "Ni dai Asabar ina nan tafe. Ba don ba na tausayinki ba. Na rasa uba, ba zan zauna ina kallo kina bin sa kaɗan-kaɗan ba."

Asabar ta zo da rana mai kyau. Kuku ta tashi da ciwon bayanta, ta yi salla a zaune, ta share kujerar bakin taga. Wajen azahar ta ɗora kifin da Auta ta kawo. Ya tafasa, idanun mai suka taso suka bazu. Ta ɗauki ludayi. Ya zagaya rabin tukunya, man ya gudu gefe ya taru yana jiranta kamar kullum.

Sai ta ji tsayuwar mota a ƙasa. Ta leƙa ta taga. Auta ce, ta buɗe bayan mota tana fito da kwalaye a ninke, tana jingina su da bango, ba ta ko ɗaga kai ba. Babu saurin nan nata. Daga sama Kuku ta ga abin da ba ta taɓa lura da shi ba a kusa: kafaɗun yarinyar sun fara sauka, irin saukar da ita ta sani a jikinta.

Ta juyo ta dubi ɗakin. Kantar kwanuka, madubi, gado, sallaya, da hasken da ya shigo ya kwanta a kan kujera. Kusan komai zai shiga kwali. Kujerar kuwa ba za ta shiga wancan ɗakin ba, ta riga ta auna da ido tuntuni. Hasken ma ba zai bi ta ba.

Ta mayar da abin da ke cikin ludayin cikin tukunya, ta ajiye shi gefe. Ta tsamo kifi. Hannu ya riga ya saba, kafin ta ankara ta ɗaye fatar. Magen ta matso, ta naɗe wutsiya.

Kuku ta ɗauki farantin ta nufi taga. Ta daɗe a tsaye a gaban kujerar, sannan ta juya ta zauna a hankali. Kujerar ta yi 'yar ƙara, ta karɓe ta. Gurbin da jikinsa ya bari ya fi ta girma, ta nutse a ciki kamar yarinya. Ta ɗora farantin a cinya, ta naɗe fatar da yatsun hagu, ba ta naɗu da kyau ba, ta kai baki. Ba ta yi niyyar rufe ido ba. Da kansa ya rufe.

Taushi, da gishiri, da wani garɗi mai nauyi da ya narke a harshe ya sauka yana dumama hanya har ƙirji. Ta manta abinci yana iya yin haka. Ta daɗe tana taunawa, fiye da yadda fatar take bukata.

"Ashe ba ƙarya kake ba, Direba," ta ce. "Ka yafe mini."

Babu wanda ya amsa sai magen, wadda ta ga abin da ba ta taɓa gani ba, ta saki wani dogon kuka na wanda aka zalunta.

"Yi haƙuri, ranki ya daɗe. Mulki ya canja hannu." Ta gutsuri farin naman ta jefa mata. "Talaka ya ci abin da aka ba shi."

Ta cinye baƙin naman, ta cinye gefen ciki. Ta lallaba ta miƙe, ta zuba romo a kofi da idanunsa duka, ta shanye a tsaye. Bayanta bai daina ciwo ba. Madubi bai sauko ba. Ta san ginin da aka yi shekaru ana rushewa ba faranti ɗaya zai tayar da shi ba, wataƙila ma ba zai tashi duka ba. Gobe sai ta sake wannan kokawar da hannunta, jibi ma haka.

"Inna!" muryar Auta ta taso daga ƙasa. "In hawo da kwalayen, ko me kika yanke?"

"Tsaya nan! Kada ki wahalar da ƙafarki!"

Ta kai hannu ga tsumma za ta goge baki, sai ta dakata. Ta ɗaga murfin tukunya ta dubi fuskarta a ciki. Leɓunanta suna walƙiya, irin walƙiyar da ma'aikatan masaƙa suke komawa da ita bakin inji. Ta ajiye tsumman.

Ta ɗauko ledar da Auta ta kawo kifi a ciki, ta saka gwangwanin, ta saka ludayin. Tunda an riga an kawo kwalaye, kada su koma haka nan. Waɗannan biyun su ƙaura, su kaɗai. Ta kashe murhu, ta rufe sauran romon, na Auta ne in ta hawo. Ta saƙala ledar a wuyan hannun hagu, ta ce wa magen ta kula da gida, yanzu za ta dawo.

Sannan ta dafa bango, ta dafa ƙofa, ta fita a hankali, bakinta yana sheƙi.